Gargaɗi: hattara da masu binne ha'inci a ƙarƙashin interlok da bayan katangar tare ƙasa

Jama'a, duk mai shirin shimfiɗa interlok a harabar gida ko gina katangar tare ƙasa, wato katangar da ke riƙe ƙasar tudu kada ta zube, da bulon kwankare, ya karanta wannan kafin ya miƙa wa kowa kafin alƙalami. Akwai wata damfara a wannan sana'a wadda ba a ganinta ranar da aka gama aiki. Sai an sha ruwan sama biyu ko uku take bayyana, lokacin kuwa ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa, lambarsa ma ta daina shiga.

Salon shigowarsu kusan iri ɗaya ne. Hotuna masu ɗaukar ido a Facebook ko WhatsApp, waɗanda sau da yawa aikin wasu ne aka kwafo. Farashin da ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba. Sai gaggawa: wai ragowar kaya ne daga wani babban aiki, in ba ka biya yau ba gobe wani zai ɗauke. Sai a kawo maka samfur guda ɗaya mai nauyi, mai santsi, mai kaifin gefe. Mafi ƙarancin haɗari a cikinsu shi ne wanda ke karɓar kuɗi ya ɓace, domin shi an san ɓarawo ne tun ranar farko. Wanda ya fi haɗari shi ne mai zuwa ya yi aikin, ya share wuri tsaf, ka yi masa godiya har ka haɗa shi da abokanka.

A bulon ake fara algus. Interlok na tafiyar ƙafa da ƙananan motoci kaurinsa milimita 60 ne, inda manyan motoci za su bi kuwa milimita 80. Mai ha'inci yana cika mazubi bai kai baki ba, bulo ya fito milimita 50, ya sayar a matsayin 60. Kashi ɗaya cikin shida na kayan haɗi ya shiga aljihunsa ke nan, kuma da zarar an shimfiɗa babu mai ganin kauri. Saboda haka ka sa tef ɗin awo a bulo goma daga wurare daban-daban na lodin da aka sauke, har da na tsakiya da na ƙasa, kada ka tsaya kan na sama da aka jera don ido.

Sai siminti. Lissafin ba shi da wuya: murabba'in mita ɗaya na bulo mai kaurin milimita 60 yana cin kubik mita 0.06 na kwankare. Idan haɗin ya kai siminti kilo 350 a kowace kubik mita, kilo 21 ke nan, wato buhu mai kilo 50 ba zai kai murabba'in mita biyu da rabi ba. Ka tambayi mai bugawa murabba'i nawa yake fitarwa a buhu. In ya ce biyar ko shida yana alfahari, ya gaya maka komai da bakinsa. Ƙa'idar ASTM C936 ta Amurka tana neman interlok ya jure matsi na megafaskal 55 a matsakaici (megafaskal ma'aunin ƙarfin matsi ne), kuma kada ya sha ruwa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa. Bulon katangar tare ƙasa kuma ASTM C1372 ta sa masa kusan megafaskal 21 a matsayin mafi ƙaranci. Wannan sai ɗakin gwaji, kuma idan aikin babba ne kuɗin gwajin bai kai asarar da yake karewa ba. Amma kai ka zaɓi bulon da za a kai, kada mai sayarwa ya zaɓa maka.

Akwai abin da za ka iya yi da kanka. Bulo mai tsawon milimita 200, faɗin 100, kaurin 60, in an matse shi da kyau nauyinsa yana kusa da kilo 2.7. Ka ɗora a sikeli. Ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka auna, ka jiƙa shi a ruwa awa 24, ka goge, ka sake aunawa. Ƙarin da ya wuce giram 135 zuwa 150 alama ce cikinsa duk ƙofofi ne. Ka buga biyu da juna: mai kyau yana ƙara tar, mai algus kuwa ƙararsa a dushe take. Ka kankare gefe da ƙusa, in yashi na zuba ka mayar da lodin. Ka kuma fasa ɗaya gida biyu ka dubi cikin. Wasu sukan zuba lallausan siminti mai kala a fuska, siriri ƙwarai, ciki kuwa kusan yashi zalla. Bulo mai hawa biyu ba laifi ba ne in an yi shi bisa ƙa'ida, amma dole ƙasan ya zama kwankare na gaske.

Wani abin da ake rainawa shi ne kwanakin bulo. Kwankare yana kai ƙarfin da ake auna shi da shi a kwana 28, kuma yana buƙatar danshi musamman a makon farko. Wanda aka buga shekaranjiya aka baza a rana ya bushe ne kawai, bai nuna ba. Shi ya sa gefensa ke gutsurewa tun a mota. Farin gari da kan fito a fuskar sabon bulo kuwa, kada a ɗora wa kowa laifinsa, gishirin siminti ne, yakan wanke da kansa.

Duk wannan ƙaramin ha'inci ne idan aka kwatanta da abin da ake binnewa. Interlok fata ce kawai, nauyin mota abin da ke ƙasa ne ke ɗaukarsa. Aikin ƙwarai yana farawa da kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da taki, a daɓe ƙasar asali. Sannan a zuba fasasshen dutse mai haɗe da garinsa, milimita 100 bayan daɓewa a wurin tafiyar ƙafa, aƙalla 150 a inda mota ke shiga, fiye da haka in ƙasar laka ce ko wuri ne mai ƙanƙara. Ana zubawa hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 100, a yayyafa ruwa a bi da injin daɓe. A kansa yashi mai kaifi, milimita 25 zuwa 30, a baje shi daidai. A jera bulo da tazarar milimita 2 zuwa 5, a kafa bakin da zai riƙe gefe, a share busasshen yashi cikin tsagogin, a sake bi da inji. Gangara kuma kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita, ruwa ya nufi magudana, ya bar jikin gini.

Ɗan damfara yana tsallake dutsen gaba ɗaya. Yashi yake jibgewa santimita goma a kan ɗanyar ƙasa, ya daddanna da katako, ya jera bulo. Ranar farko ba ka iya bambanta shi da aikin gaske. Amma yashi mai kauri yana motsi, ruwa yana janye shi. Ba a jimawa sawun taya ya lotsa gida biyu, ruwa ya kwanta a ciki, bulon gefe ya buɗe, ciyawa ta cika tsagogi. Maganin wannan shi ne lissafi. Fili mai murabba'in mita 100 da dutse milimita 150 yana buƙatar kubik mita 15 bayan daɓewa, kafin daɓewa ma ya fi haka, yashin shimfiɗa kuwa kubik mita 3 kacal. In ka ga yashi ya fi dutse yawa a ƙofar gida, ka tsayar da aiki. Haka nan bulo mai 200 da 100 guda 50 ne a murabba'in mita. Ka auna filinka da kanka, ka ƙara kashi 5 zuwa 10 don yanka da fashewa, kada ka yarda da awon da aka yi ba ka wurin.

Katangar tare ƙasa ita ce inda wasa ya ƙare, domin lotsewar interlok asarar kuɗi ce, faɗuwar katanga kuwa tana iya danne mutum. Ƙasa tana tura katanga, kuma turin ba ya tafiya daidai da tsawo: in tsawo ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Ruwa shi ne babban abokin gaba. Kubik mita ɗaya na ruwa tan ɗaya ne, kuma ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba tare da mafita ba tana iya tura katanga ninki biyu na busasshiya. Galibin katangun da ke kumbura ciki su kife, ruwa ne ya taru a bayansu.

Ga abin da dole ka gani da idonka kafin a rufe. Rami mai shimfiɗar fasasshen dutse milimita 150, a daɓe, faɗinsa kamar ninki biyu na bulon. Layin farko a binne shi, kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon katangar, kada ya gaza milimita 150, kuma a daidaita kowane bulo da ma'aunin ruwa gaba da baya, hagu da dama, domin karkatar layin farko tana ƙaruwa ne har sama. Kowane layi ya ɗan koma baya ta haƙori ko fil ɗin da aka ƙera bulon da shi, katanga ta jingina da ƙasar da take tarewa. A bayanta tsakuwa mai tsabta marar gari, faɗin milimita 300 daga ƙasa har kusa da sama. A gindin tsakuwar bututu mai huji-huji, milimita 100, mai gangara zuwa inda ruwa zai fita fili. Inda ƙasar laushi gare ta, a sa ƙyallen tace ƙasa tsakaninta da tsakuwa don kada laka ta toshe hanyar ruwa. Ciko kuma hawa-hawa, kada ya wuce milimita 200, a daɓe kowanne, kuma cikin mita ɗaya daga katanga ƙaramin inji kawai ake sa wa.

Dabarar da aka fi yi a nan ta isa a yi mata dogon bayani. Ana mayar da ƙasar da aka haƙo, laka da shara da ɓaraguzai, a cike bayan katanga a rana ɗaya, sannan a watsa tsakuwa kamar tafin hannu a sama don mai gida ya gani. Sai a yanko guntun bututu santimita talatin a cusa ta fuskar katanga, bakinsa na leƙowa kamar magudana, alhali bai haɗu da komai ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka tura sanda ko waya ta bakin bututun ka ji inda ta tsaya, ko ka sa tiyo a bayan katanga ka jira ka ga ko ruwa zai fito. Katanga mai tsawon mita 20 da tsayin mita 1 tana cin tsakuwa kubik mita 6 a bayanta kaɗai. Ka ƙirga abin da aka sauke.

Idan katanga za ta wuce mita 1.2, ko akwai gangara a samanta, ko mota za ta riƙa tsayawa kusa da bakinta, ko gini na kusa, aikin injiniya ne, kuma a wurare da yawa sai da izinin hukumar gine-gine. Irin wannan tana buƙatar ragar ƙarfafa ƙasa, jiyogirid, wadda ake shimfiɗawa tsakanin layukan bulo ta miƙe cikin ciko aƙalla kashi 60 cikin 100 na tsayin katangar. Masu ha'inci sukan yanka ta gajera don a ga bakinta kawai, ko su shimfiɗa ta a gicciye, alhali yawancinta ta shiyya ɗaya take da ƙarfi, kuma shiyyar nan dole ta miƙe daga katanga zuwa cikin ƙasa. Wasu ma ragar shinge ta roba suke sawa. Wasu kuma bulon gini na yau da kullum suke jerawa, ba rodi ba kwankare a ciki, su shafe da filasta su ce katangar tare ƙasa ce. Duk wanda ya ce maka "mun saba, ba sai da zane ba" a kan katanga mai tsayin mutum, ka sallame shi.

Tun da a abin da ake rufewa ake cutar, biyan kuɗi ya bi matakan rufewa. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da kaurin bulo, zurfin haƙa, kaurin dutse, irin bututu da tsawon raga, da adadi, ba "aiki mai inganci" kawai ba. Samfur biyu a sa musu hannu, ɗaya a wurinka. Kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin kayan da aka sauke ka gani. A biya bayan haƙa, bayan daɓe dutse, bayan bututu da tsakuwa, kowanne sai ka duba ka ɗauki hoto da tef a jiki. A riƙe kashi 5 zuwa 10 sai aikin ya sha ruwan sama sosai. Ka nemi ganin aikin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, ka yi magana da mai wurin shi ba ya nan. Sabon aiki kowa nasa kyakkyawa ne. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa, wanda ya fara cewa ba ka yarda da shi ba kuwa, ka ƙara sa ido.

Wanda aka riga aka yi wa aikin, ya duba waɗannan: katanga ta fara kumbura a tsakiya, layin sama ya leƙo gaba, ƙasa ta tsage a bayanta, laka na tsatsowa ta tsakanin bulo, ko bututu a bushe bayan ruwa mai ƙarfi. In ka ga ɗaya daga ciki, ka hana yara wasa a gindinta, ka janye mota da duk wani nauyi daga samanta, ka karkatar da ruwan rufi daga wurin, ka kira injiniya. Kada ka yarda wanda ya yi ɓarnar ya dawo ya cike tsaga da siminti ya karɓi kuɗin gyara. Toshe tsagogin yana ƙara tare ruwan ne a baya. Ka adana yarjejeniya, rasit, saƙonni da hotuna, ka ajiye bulo biyu ko uku daga aikin don gwaji, sannan ka kai ƙara wurin hukumar kare haƙƙin masu saye ko kotu.