Hattara da mai tallar ƙugiyar ɗora ƙarfe a Facebook da WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaga ƙarfe. Akwai wani da ke yawo a guruf-guruf yana tallar ƙugiyar da ake maƙalawa a jikin rak, wato firam ɗin ƙarfen da ake ɗora sandar ɗaga nauyi a kai, wai da ita za ka ɗaga mazaunin sanda ko ka sauke shi daidai tsayinka. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi.

Mutumin ya san inda ke mana ƙaiƙayi. Yawancin rak ɗinmu aikin mai walda ne, ramukan da ake maƙala ƙugiya a ciki sun yi wa juna nisa. Gajere sai ya yi ɗage kafin ya ciro sanda, dogo kuma sai ya ranƙwafa. Shi ya sa za ka ga ana taka faifan ƙarfe ko ana jera bulo. Da wannan damuwar yake kama mutane.

Cewa yake kayansa daga waje suke, kuma suna shiga kowane rak. Nan ƙaryar ta fara. Ginshiƙin rak akwai mai inci 2 da 2, akwai 2 da 3, akwai 3 da 3, ramin kuma wani 5/8 ne na inci, wani inci 1 cif. Mai sayarwa na gaskiya sai ya ce ka auna ka turo masa. Shi wannan bai taɓa tambayar kowa awo ba, kuɗi kawai yake cewa a fara turawa, kaya su biyo mota.

Ƙugiyarsa da ta iso wurin da muke motsa jiki na riƙe ta da hannuna. Ƙarfen siriri ne, bai kusa kai milimita 3 da ake yin rak mai ƙwari da shi ba. Waldar ɗige-ɗige ce, an shafe ta da bodi fila aka fesa baƙin fenti, da ka kankare da makulli sai ga rami. Fil ɗin da ke shiga ramin rak kuma rawa yake a ciki. Muka ɗora sanda mai kilo 20 da faifai huɗu masu kilo 20, wato kilo 100 ke nan, sai bakin ƙugiyar ya buɗe a hankali, sanda ta zame ta faɗo ƙasa. Allah Ya kiyaye babu kowa a ƙarƙashi. Da a kan bencin da ake ɗaga ƙarfe a kwance ne, a wuyan ɗan wani za ta sauka, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai fiye da kuɗin.

Da aka kira mai tallar, cewa ya yi a cusa tsumma a ramin. Washegari ya toshe lambar wanda ya saya. Sunan da ke kan asusun bankin ma daban ne da na shafin.

Kafin ka samu mai kyau, in dole sai ka ƙara tsayi, taka katako mai kauri da faɗi, ba bulon siminti ba, don yana iya farfashewa a ƙarƙashinka. In sabuwa kake so, ɗauki awon rak ɗinka ka je wurin mai walda da ƙafarka, ka tsaya a yi a gabanka. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya ɗauki hoton hirar da rasit ɗin ya kai ƙorafi bankinsa yau ɗin nan.