Sharhi kan Canon EOS 80D: yadda take jure zafi da ƙurar Sakkwato, da kayan da ya kamata a haɗa mata

Canon ta fitar da kyamarar EOS 80D a 2016, kuma yanzu galibi ta hannu ake samu, domin hankalin kamfanin ya koma kan kyamarori marasa madubi tun da ya fito da jerin EOS R a 2018. Duk da haka, bayan aiki da ita a ɗaurin aure, walima, suna da taron ofis, ra'ayina shi ne har yanzu kyamarar neman abinci ce ga mai hoto a Sakkwato, da sharaɗin kada ya zuba duk kuɗinsa a jikinta ya bar lensi da fitila da sauti a baya. Mafi yawan aikin da ke lalacewa a garin nan ba jikin kyamara ke lalata shi ba. Memori na jabu, batir da ya mutu a tsakar kamu, ƙura a kan sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) da muryar da ba a ji, su ne ke sa mai biki ya ƙi cika kuɗi.

Sensarta megafiksel 24 ce, tana ɗaukar hoto 7 a daƙiƙa, kuma tana da wuraren fokas 45 idan ana leƙawa ta tagar ido. Wannan ya ishi doki a guje ranar Sallah. Sikirin ɗinta yana juyawa kuma ana taɓa shi, abin da ke da amfani sosai a cunkoson ƙofar masallaci, inda dole a ɗaga kyamara sama da kawunan mutane. Inda ta fi burge ni shi ne fokas a bidiyo, wanda Canon ke kira Dual Pixel. Ka taɓa fuskar ango a sikirin, ta kama shi ta riƙe ba tare da kai-da-komo ba. Sai dai idan ka bar ta a kan bin fuska da kanta a wurin da fuskoki suka yi yawa, za ta riƙa tsalle daga amarya zuwa ƙawayenta. A irin wannan wuri ka mayar da ita kan fokas na wuri ɗaya, ka zaɓa da yatsanka.

Gazawarta ba a ɓoye take ba. Ba ta ɗaukar bidiyon 4K, iyakarta 1080. Wanda masu ba shi aiki ke neman 4K ya duba 90D da ta fito a 2019, ko ya koma maras madubi. Bidiyo yana tsayawa da kansa a minti 29 da daƙiƙa 59, don haka mai ɗaukar wa'azi ko lacca ya sa ido a agogo, ya tsayar ya sake kunnawa lokacin da malam ya ɗan numfasa. Ramin memori ɗaya ne tak, ba a cajin batir a jikinta ta USB, kuma da dare hoto yana da tsabta zuwa ISO 1600 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa), ana iya jurewa a 3200, daga 6400 kuwa yashi ya fara cin fatar mutum.

Zafi shi ne babban abin da mai aiki a nan zai yi wa shiri. Littafin kyamarar ya ce an yi ta don aiki tsakanin digiri 0 da 40, ga shi a watan Afrilu da Mayu Sakkwato tana wuce 40 da rana. A hoto ba ta cika damuwa ba, amma a bidiyo sensa tana kunne ba hutu. Farar alamar ma'aunin zafi za ta fara bayyana a sikirin, sannan ja, daga nan ta kashe ɗaukar da kanta. Abin da ke taimakawa: a janye sikirin daga jikinta don bayan ya sha iska, a kashe ta tsakanin jawabi da jawabi, a ɗora mata farin ƙyalle ko a tsaya ƙarƙashin lema, kuma kada a bar ta a cikin mota a rufe ko a kan kujerar babur a rana. Da damina matsalar takan juya: idan aka fito da ita daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje mai laima, gilashin yana yin gumi. A bar ta cikin jaka a rufe kamar kwata na awa kafin a buɗe.

Ƙurar hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana shiga ko'ina. An toshe gaɓoɓin jikin 80D daidai gwargwado, amma lensin 18-135mm da ake yawan sayar da ita da shi ba shi da wannan kariya, kuma duk lokacin da aka zuƙo ko aka mayar yana jan iska ciki. Kada a canza lensi a fili. Idan ya zama dole, a kashe kyamara, a juya wa iska baya, a kifa bakinta ƙasa, a shirya ɗayan lensin a hannu tukuna. Don sanin ko ƙura ta hau sensa, a tsuke buɗin lensi zuwa f/22 a ɗauki farin bango ko sararin sama, a buɗe hoton a kwamfuta. Ɗige-ɗigen da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto su ne. Ana cire su da ɗan famfon iska na roba, bayan an ɗaga madubi ta cikin menu da cikakken batir, domin idan batir ya ƙare a tsakiya madubi da labulen shota (wanda ke buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto) za su rufo kan bakin famfon. Ba a hurawa da baki, yawu ne zai bi, kuma ba a kai ta wurin mai faci a sa mata iskar taya. A gaban lensi ma a fara hure ƙura kafin a goge, in ba haka ba ƙurar ce za ta karce gilashin. Gefen riga ba abin goge lensi ba ne.

A zancen lensi, 18-135mm ya dace da aikin rana: daga hoton taron dangi har zuwa fuskar liman daga nesa, ba tare da an canza komai ba, ga shi fokas ɗinsa ba ya yin ƙara a bidiyo. Amma buɗinsa yana raguwa daga f/3.5 zuwa f/5.6 idan an zuƙo, shi ya sa da magariba ta yi yake gazawa. Lensi na biyu da zan ce a saya ba tare da dogon tunani ba shi ne 50mm f/1.8 STM. Yana da araha, yana narkar da bayan hoto, kuma shi ne lensin hoton amarya da lallenta. A tuna dai sensar 80D tana ninka tsawon lensi sau 1.6, wato 50mm yana zama kamar 80mm, kuma a ɗakin amarya da gado da kabad suka cike babu inda za a ja da baya. Nan 24mm f/2.8 STM ya fi dacewa. Kuskuren da ake yawan yi da 50mm shi ne barinsa a f/1.8 a hoton mutum uku ko huɗu: ɗaya ya fito, sauran su dushe. A hoton jama'a a rufe zuwa f/5.6 ko f/8. Wanda aikinsa ya fi karkata ga bidiyon dare ya tara kuɗi ya sayi Sigma 18-35mm f/1.8, amma ya sani ya haura gram 800 kuma ba shi da abin hana girgiza. Sannan lensin da aka rubuta wa EF-S ba ya hawa kyamarorin Canon 6D ko 5D masu babbar sensa, don haka mai niyyar komawa can nan gaba ya fi son masu EF kawai.

Akwai wani abu da ya shafi aikinmu kai tsaye, wato farar shadda a kan baƙar fata da tsakar rana. Ma'aunin hasken kyamara yana ganin fari ya yi yawa sai ya rage, fuska ta yi duhu. Idan aka ƙara don fuska, aikin wuyan babbar riga ya ƙone ya zama fari fat, alhali mai rigar ya biya maɗinki kuɗi mai yawa don a ga aikin. Mafita ita ce a ɗauka a RAW (ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara a kwamfuta), a kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda haske ya ƙone, a auna don rigar, sannan a cike fuska da filashi. Iyakar saurin shota da filashi a 80D shi ne 1/250 na daƙiƙa. Idan ana son wuce haka sai da filashi mai HSS, wato mai iya bin shota mai sauri, kuma ƙarfinsa yana raguwa sosai. Filashin da ke kan kyamarar na gaggawa ne kawai. Godox TT685 mai cin batir AA huɗu, ko V860II mai batirin caji na kansa, kowanne ya isa, a tabbatar dai akwai harafin C a ƙarshen sunan, domin shi ne na Canon. A cikin ɗaki a harba hasken zuwa farin silin ya dawo a tausashe. A ƙarƙashin rumfar biki ja ko shuɗiya kada a yi haka, launin rumfar zai sauka kan fuskoki. A nan sai a ɗora filashi a kan sanda da farar lema a gefe.

A bidiyo, abu na farko a shiga menu a mayar da tsarin bidiyo zuwa PAL, wanda ya dace da wutar lantarkinmu. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka takan zo a saite a NTSC, shi ya sa ake ganin layuka suna yawo a bidiyon ɗakin taro. A ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa da shota 1/50, ko 50 da shota 1/100 idan ana son a rage gudu a wurin rawa da liƙi. Janaretan da ba ya tafiya daidai yana iya kawo layukan duk da haka, sai a ɗan motsa shota sama ko ƙasa ana kallon sikirin har su ɓace. Da rana kuma shota 1/50 tana tilasta wa mutum f/22 ko da a ISO 100, wanda ke fito da kowace ƙura a sensa kuma ya sa bayan hoto ya fito tar. Don saukowa zuwa f/4 ana buƙatar filtar rage haske ta mataki biyar, wato ND32. Bakin 18-135mm milimita 67 ne, na 50mm STM 49. A sayi mai 67 ɗaya da zoben haɗi, ya yi wa duka biyun. Filtar da ake murzawa tana da sauƙin aiki, amma idan aka kai ta ƙarshe a 18mm takan zana duhu mai siffar X.

Sauti shi ne inda 80D ta fi ƙananan 'yan'uwanta, domin tana da ramin makirfo da na iyafis. A yi amfani da su duka biyun. Makirfon cikinta yana ɗaukar iska da motsin yatsu. Rode VideoMicro ba ya buƙatar batir kuma yana zuwa da rigar gashi mai tare iska, amma aikinsa na kusa ne, mita ɗaya zuwa biyu. A wurin ɗaurin aure, inda ake son jin siga da sadaki a fili, makirfon maƙalawa maras waya a wuyan rigar mai sanarwa ya fi. A cire sautin daga otomatik, a saita shi da hannu yadda murya mafi ƙarfi za ta riƙa taɓa lamba 12 a ma'auni. Kada a jona waya daga na'urar mai kiɗa kai tsaye zuwa ramin makirfo, ƙarfin ya fi abin da ramin zai ɗauka, sautin zai fashe kuma babu gyara. Ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ita ce ta wannan aiki.

Batirinta LP-E6N ne. A lissafin kamfani yana ba da hoto kusan 960 ta tagar ido, amma a bidiyo bai kai awa biyu ba, kuma cajarsa tana cin kamar awa biyu da rabi. Bikin yini guda yana son batir uku aƙalla. Tunda wuta ba ta da tabbas, caja mai ramuka biyu da ke aiki da fawa bank tana cikin kayan da suka fi cancantar kuɗinsu. Batir da ya kumbura, ko da kaɗan, a jefar da shi kafin ya maƙale a ciki.

Memori kuwa a nemi mai alamar sauri ta U3 ko V30. Sayen memori mai UHS-II asarar kuɗi ne, kyamarar ba ta cin moriyar saurinsa. A bidiyon hoto 25 a daƙiƙa na yau da kullum minti ɗaya yana cin megabayit ɗari biyu da 'yan kai, a 50 ya ninka. Da yake ramin ɗaya ne, memori uku masu 32GB sun fi ɗaya mai 128GB aminci, don idan ɗaya ya lalace ba duk bikin ya tafi ba. Jabu sun yi yawa a kasuwa, ana rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa taka tsofaffin hotuna ba tare da ya nuna komai ba. Kafin a kai sabon memori wurin aiki a gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda ke cika shi ta karanta. A riƙa share shi a cikin kyamara, kuma sai bayan an kwafe aikin a wuri biyu.

Wajen sayen ta hannu, a je da memori da lensi na kai. An ƙiyasta shotar 80D a kan bugu 100,000, kuma Canon ba ta nuna adadin a menu, sai an jona ta da kwamfuta da manhajar ƙirga shota. Wadda ta yi aikin biki shekaru tana iya kusantar adadin ko da jikinta yana sheƙi. A juya sikirin kowace fuska a ga ko yana ɗaukewa, domin wayar da ke cikin mahaɗin da sikirin ke juyawa a kai tana gajiya. A sa makirfo da iyafis a gwada ramukansu ana ɗan motsa wayar. A haska lensi da tocila daga baya a duba zaren fumfuna, musamman kayan da suka zauna a Legas ko Fatakwal inda laima ta yi yawa. Sannan a ɗauki bidiyo na minti goma a jere a cikin shagon, a ga ko alamar zafi za ta fito da wuri ko ɗaukar za ta tsaya da kanta, kafin a ƙirga kuɗi.