Majigi ko talabijin: wanne za a saya wa aji?

Malama, kin ce kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ta tara wa makarantarku ba za su sayi abu biyu ba, kina tambaya ko majigi za a ɗauko ko talabijin. Ni dai talabijin zan ce, kuma matsalar wuta ce babban dalilina.

Majigi mai ƙwai yana cin wat 200 zuwa 300, ban da kwamfutar da za a jona masa. Talabijin mai inci 43 kuwa bai cika wuce wat 80 ba, ƙaramar sola da batir ɗaya sun isa su riƙe shi har a tashi darasi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk na'urar da sai an tayar mata da janareta, a kabad ɗin hedimasta take ƙarewa.

Sannan majigi duhu yake so. Ki rufe tagogin aji mai yara saba'in a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, nan da nan za ki ga wasu na gyangyaɗi, wasu na fifita da littafi. In hunturu ya shigo kuma, ƙura ta toshe masa hanyar iska, ya ɗauki zafi ya mutu ana tsakiyar bayani. Ƙananan nan masu araha kada ma ki kalle su, da rana hotonsu dishi-dishi ne. Talabijin ba ruwansa da wannan. A sauke bidiyo sau ɗaya inda ake da intanet, a zuba a filashi, a soka a bayansa, shi ke nan. Sai dai ki je shago da filashinki, a gwada a gabanki.

Inda majigi ya yi wa talabijin fintinkau shi ne girman hoto. 'Yan bencin baya ba za su iya karanta rubutu a talabijin ba, don haka sai a raba aji gida biyu, rabi su matso su kalli bidiyon minti biyar, rabi suna aikin allo, sannan a yi musanya. Da babban ɗakin taro kuke da shi da tsayayyar wuta, da majigin na zaɓar muku.

In kuwa burinku shirya ɗalibai wa jarrabawar JAMB ne, wadda ake yi a kwamfuta, dukansu biyun ba su da amfani, gara tsofaffin kwamfutoci ko da uku ne. Kuma ki ware kuɗin mai walda ya yi wa talabijin ɗin keji a jikin bango.