Ƙididdiga ko ilimin abinci: wanne ke shiga makin kimiyya?

Ƙanwata, tunda kuɗin kwas ɗaya gare ki kuma MD kike nema, wato digirin likitanci na Amurka, tsakanin ƙididdiga da ilimin abinci mai gina jiki ki ɗauki ƙididdiga. Na biya kuɗin duka biyun da guminna, guda ɗaya ne ya shiga makina na kimiyya, wato matsakaicin makin darussan kimiyya da makarantun likitanci ke dubawa.

AMCAS, wato tsarin da yawancin makarantun MD na Amurka ke karɓar takardu ta cikinsa, gida biyu yake raba maki. Akwai BCPM, inda bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi suke, sai AO, inda ake zuba duk abin da ya rage. Ƙididdiga 'yar gidan lissafi ce, don haka kai tsaye take shiga BCPM. Ilimin abinci kuwa yana cikin rukunin darussan kiwon lafiya, tare da aikin jinya da lafiyar al'umma, kuma wannan rukunin AO yake faɗawa komai kamarsa da kimiyya.

Ni ajin yamma na yi ƙididdiga, a wata ƙaramar kwaleji, bayan na tashi daga aiki. Da tsoro na shiga, don rabona da lissafi tun ajin farko. Malamar wata dattijuwa ce, ranar farko ta zo da gwangwani cike da kwabbai, ta raba mana, ta ce kowa ya jefa nasa sau hamsin ya rubuta abin da ya fito. Ta tattara na kowa a allo, muna kallo zanen ya tashi kamar ƙararrawa. Daga ranar na daina jin tsoron jadawali. Na samu A, ya zauna a BCPM ba wanda ya taɓa shi. Amfaninsa na biyu sai a MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, na gani, domin jarrabawar cike take da sakamakon bincike da zane-zane da ake so ki karanta cikin sauri ki faɗi abin da suke nufi. Har yau littafin ajin yana kan kantata.

Ilimin abinci kuma, to, na koyi abubuwa, kuma shi ma A na samu. Na saka shi a bayoloji, masu tantancewa suka mayar da shi rukunin kiwon lafiya. Na aika buƙatar gyara tare da manhajar kwas ɗin, aka ƙi, kuma da gaskiyarsu, don rabinsa tsara abincin yau da kullum ne.

Inda lissafin yake juyawa shi ne idan kina da niyyar DO, wato ɗaya nau'in digirin likitanci na Amurka. AACOMAS, tsarin karɓar takardun makarantun DO, ba ya saka lissafi a makin kimiyya sam, ƙididdigar nan da nake yabo waje take zama. Amma yana da rukunin sauran kimiyyoyi, kuma ilimin abinci yana shiga nan. Kin ga kwas ɗaya, maki ɗaya, a ƙofa ɗaya an ƙirga shi, a ɗayar an ajiye shi gefe. TMDSAS na makarantun jihar Texas yana ƙirga lissafi kamar AMCAS. Idan wata rana kika samu kuɗin kwas na biyu kuma kina son buga ƙofofin duka, ki nemi fiziyoloji ko bayokemistiri, waɗannan ko'ina kimiyya ne.

Kada kuma ki ɗora wa kwas ɗaya buri mai yawa. A ce kina da kiredit 40 na kimiyya (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas) a kan matsakaicin maki 3.30. Kika ƙara kiredit 3 da A, za ki koma kusan 3.35. Motsi ne, amma ɗan kaɗan. Shi ya sa ban so kuɗinki ya tafi inda ko wannan ɗan motsin ba za a gani ba.

Abu ɗaya da ya kamata ki riƙe: AMCAS abin da aka koyar a cikin kwas yake dubawa, sunan sashen da ya koyar ba shi ne hujja ba. Idan ƙididdigar a sashen nazarin halayyar ɗan Adam ake bayarwa, za ta iya shiga lissafi muddin yawancin darasin ƙididdiga ce. Ke za ki zaɓi rukunin da kanki a fom, su kuma suna da ikon canzawa. Don haka ki adana manhajar kowane kwas tun makon farko.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar kansu a WhatsApp da Instagram wai masu ba da shawarar shiga makarantar likita. Wani zai ce ki biya shi ya nuna miki yadda za ki tura darussan halayyar ɗan Adam cikin bayoloji, alhali jadawalin rarraba darussan kyauta yake a wurin AAMC, ƙungiyar da ke gudanar da AMCAS. Wani zai ce in kika maimaita kwas tsohon makin zai goge. Ƙarya ne. AMCAS yana ƙirga duka biyun, AACOMAS ma ya daina maye gurbin maki tun 2017. Mafi ciwo su ne masu ce wa 'yan'uwanmu da suka yi digiri a Zariya ko Kano za su shigar musu da makin gida cikin GPA ɗin AMCAS, wato matsakaicin makin da yake lissafawa. AMCAS ba ya karɓar takardar sakamakon jami'o'in Najeriya, balle ya lissafa ta. Haka masu sayar da kwas ta intanet a farashi mai arha: in makarantar ba ta da amincewar hukuma kuma ba za ta aika takardar sakamako da kanta ba, kuɗinki ya tafi.

Ki yi rajistar ƙididdiga wannan zangon, kuma in da zaɓi ki ɗauki wadda sashen lissafi ke bayarwa, don kada ma a tsaya yi miki tambaya.