Tsakanin "departed" da "passed away": wacce ta dace da saƙon ta'aziyya?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga kalmar "departed" a allon filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sannan ka sake cin karo da ita a takardar sanarwar rasuwar mahaifin wani abokin aikinka Kirista, shi ne kake tambaya ko ita za ka sa a saƙon ta'aziyya ko kuwa "passed away". Shawarata ita ce ka ɗauki ta biyun.

Babban aikin "depart" shi ne tashi daga wuri, musamman tashin abin hawa mai ƙayyadadden lokaci. Ana cewa jirgin ƙasa "departs from Rigasa" idan tashar da zai bari ake magana, "departs for Idu" kuma idan ana nufin inda ya dosa a Abuja. A hirar yau da kullum kuwa "leave" Bature yake faɗi. Kalmar ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci da ma'anar rabawa, shi ya sa a littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1549 ango da amarya suke alkawarin zama tare "till death us depart", wato har mutuwa ta raba su, sai a bugun 1662 aka mayar da ƙarshen zuwa "do part" domin waccan ma'ana ta riga ta dusashe a bakin jama'a. Ma'anar mutuwa tana fitowa ne a jimloli irin su "departed this life", wato ya bar duniya, da "the departed", wato mamaci ko mamata, kuma mazauninsu coci ne da dutsen kabari da takardar jana'iza. Katolika ma sun keɓe 2 ga Nuwamba domin yi wa "the faithful departed" addu'a.

Ita kuwa "passed away" ba ta da wannan harshen damo, domin idan aka faɗe ta a kan mutum rasuwarsa kaɗai ake nufi, kuma matsayinta daidai yake da na "rasu" a wurinmu: mai taushi ce, ta kuma shiga baki da takarda duka. Idan ka rubuta cewa mahaifinsa "departed yesterday" ba tare da ƙari ba, mai karatu yana iya zaton tsohon tafiya ya yi. Kalmar "died" ba ta da kaushin da "ya mutu" yake da shi a kunnen Bahaushe, ita ce ma 'yan jarida da likitoci suka fi amfani da ita, amma a gaban mai makoki gara mai taushin.

Sai dai ka kula kada hannu ya zame ka rubuta "passed out", wadda take nufin suma, ko kammala hidimar ƙasa a Turancin Nijeriya. Haka nan "he is late" da muke ji a nan, a wurin mutumin Ingila makara take nufi, domin shi sai a gaban suna yake sa "the late" idan marigayi yake nufi.