Rezin, roba ko bugun gida: wanne ya dace da mai fentin 'yan sojoji a Garwa?

Kwalina na farko na ƙananan 'yan sojojin wasan tebur ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, sannan mota ta ƙaraso da shi Garwa a tsakiyar watan Afrilu. Da na buɗe, takobin kwamandan ya lanƙwashe kamar lauje, bindigar wani kuma ta karye gida biyu. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wane irin 'yan sojoji zai saya, sai in fara masa da maganar zafi da hanya kafin mu zo kan kyau.

Wasan da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Warhammer 40,000, na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila. Ya fito a 1987, labarinsa na wata duniya ce mai duhu a can gaba, inda yaƙi ba ya ƙarewa. Sojan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kai za ka harhaɗa shi, ka yi masa fenti, sannan ku jera a tebur ku jefa dayis.

Yawancin kayan kamfanin na roba ne mai tauri, kuma nan nake tura sabon shiga. Robar ba ta damu da zafin bazara ba, ta faɗo daga tebur ma da wuya ta karye, kuma gam ɗinta na musamman narkar da fuskokin biyu yake su haɗe su zama abu guda. Tsada ce kawai aibinta. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka kwalin yuro 40 ya haura jaka 26 tun kafin kuɗin aikowa da na duwan. Shi ya sa na fi son mutum ya fara da Kill Team, ƙaramin wasan kamfanin, inda soja goma ko kusa da haka sun isa wasa.

Rezin na zubi kuwa, wato ruwan da ake zubawa a mazubi ya daskare, irin wanda Forge World, reshen Games Workshop, ya yi suna da shi, nan ido yake ƙoshi. Zanen sulke, tabon fuska, ƙananan ƙoƙunan kai da ke rataye a ɗamara, duk suna fitowa tsaf. Amma yana da shagwaɓa. Da farko sai ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, domin akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi, in ka bar shi fenti zai riƙa zamewa. Gam ɗin roba ba ya kama shi, sai sufa gulu. In hannu ko bindiga na da nauyi, huda za ka yi ka sa guntun waya a ciki. Abin da ya lanƙwashe kuma ba asara ba ne: takobin nan nawa na tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, na miƙe shi da yatsa, na jefa a ruwan randa, ya tsaya cak har yau. Ƙurarsa ce ba a wasa da ita. In za ka goge da samfefa, jiƙa ta tukuna, ka sa takunkumi, kuma kada ka yi a ɗakin da yara ke kwana. Ni dai shawarata kwamanda ɗaya ko biyu na rezin sun isa, sauran runduna a bar wa roba.

Akwai masu kwafar kayan kamfanoni su sayar da arha a intanet. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, kayan suka zo da kumfa a fuska da wari kamar na kalanzir. Arha ba ta ado.

Sai bugun gida da firinta mai 3D, irin su Elegoo Mars ko Anycubic Photon, wadda ke daskarar da ruwan rezin da haske, shafi bisa shafi. Ana sayen zanen a shafin intanet na MyMiniFactory, kuma kamfanin One Page Rules na ba da dokokin wasansa Grimdark Future, mai kama da Warhammer, kyauta. A lissafi wannan ne mafi sauƙin kuɗi ga mai son runduna babba. Sai dai ka duba: in kaurin shafi milimita 0.05 ne, soja mai tsawon milimita 40 shafi 800 ke nan, aikin awoyi. Aka ɗauke wuta a tsakiya, galibi sai a sake daga farko. Mai sola da batir ne kawai zai ji daɗinta. Ƙari ga haka ruwan rezin na ƙona fata, sai da safar hannu, ana wanke abin da aka buga da alkol mai ƙarfi, kuma ruwan kansa ba kowane mai aiko kaya ke yarda ya ɗauko ba. Abin da ta buga ya fi na zubi saurin tsinkewa. In ku huɗu ne ko biyar kuna wasa tare, ku yi karo-karo ku sayi ɗaya. Mutum ɗaya kam, ban ga riba ba.

Wajen fenti, kwalbar ta fi sunan kamfanin muhimmanci a nan. Na Citadel, fentin Games Workshop, murfinsa buɗewa ake gaba ɗaya, iskar hunturu na shiga, nawa guda uku suka zama kamar tuwo kafin damina. Vallejo na Sifen da Army Painter na Denmak ɗigowa ake yi, sun fi jure mana. Gwangwanin feshi ba ya hawa jirgin sama, don haka fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara shafawa kafin sauran launuka, nemi na buroshi. Ka samu faranti mai murfi, ka shimfiɗa soso jiƙaƙƙe da takardar gashin burodi a kai, fenti zai kai ka har la'asar bai bushe ba. Sojan da ka gama kuma ka kifa masa kofi, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti.

Wani abu da ya kamata ka auna tun kafin ka biya: gida. Hajiyarmu da ta ga nawa a kan tebur cewa ta yi, "Kai kuma gumaka ka fara tarawa?" Na ce, "A'a Hajiya, na wasa ne, kamar dara." Ba ta gamsu ba, sai da na mai da su cikin kwali. Wani abokina a Marwa tankoki da motocin yaƙi kaɗai yake saye saboda wannan, kuma su sun fi sauƙin fenti ga mai koyo.