Proton: Yadda Wasannin Windows Ke Gudana a Kan Linux, da Inda Suke Cijewa

Duk wanda ya taɓa tunanin barin Windows ya koma Linux, alhali yana da wasannin kwamfuta da ya tara tsawon shekaru, ya san cewa tambayar da ke fara tsayar da shi ita ce ko wasannin nan za su biyo shi. Amsar da kamfanin Valve ya bayar ita ce Proton, manhajar da ya fitar a watan Agustan 2018 tare da haɗin gwiwar kamfanin CodeWeavers, wadda ke zaune a cikin Steam, shagon wasannin kwamfuta na Valve, tana ba wasannin da aka rubuta domin Windows damar gudana a kan Linux. Na daɗe ina amfani da ita a kan kwamfutar tebur mai matsakaicin ƙarfi, kuma hukuncina shi ne cewa aikinta ya kai matsayin da mutum zai manta da ita ɗungurungum, sai dai akwai wata iyaka da ba za ta iya tsallakewa ba, domin mabuɗin wannan ƙofa ba ya hannunta.

Ya kamata a fara da fahimtar abin da Proton take yi, saboda mutane da yawa suna ɗauka cewa tana kwaikwayon wata kwamfuta ce a cikin kwamfuta, irin yadda ake kunna wasannin tsofaffin na'urori. Ba haka abin yake ba. Aikinta ya fi kama da na tafinta: wasan yana magana da yaren Windows, yana neman a buɗe masa fayil ko a zana masa hoto ko a fitar da sauti, ita kuma tana juya wannan buƙata nan take zuwa yaren da Linux ke ji. Tushenta shi ne Wine, aikin gudanar da manhajojin Windows a kan Linux da aka fara tun 1993, wanda Alexandre Julliard ya jagoranta tun daga 1994, wanda kuma sai a 2008 ya kai ga sigarsa ta 1.0. A kan wannan tushe aka ɗora DXVK, wadda Philip Rebohle ya fara, mai juya umarnin zanen hoto na Direct3D 9, 10 da 11, wato yaren zanen Windows, zuwa Vulkan wanda Linux ke ji, sannan aka ƙara VKD3D-Proton mai yin irin wannan aiki ga Direct3D 12. Da yake ƙwaƙwalwar kwamfutar tana aiwatar da umarnin wasan kai tsaye, asarar gudun da ake yi ba ta da yawa a mafi yawan wasanni, kuma a wasu tsofaffin wasanni ma ido ba ya iya bambancewa.

Kunna ta ba ya buƙatar dogon bayani. Mutum ya girka Steam, ya tabbatar an ba Proton izini a sashen daidaitawa, ya danna maɓallin sauke wasa kamar yadda ya saba. Wanda ya taɓa shan wahalar Wine a shekarun baya, lokacin da ake kwana ana farautar fayilolin da wasa ke kuka da rashinsu, shi ne zai fi sanin darajar wannan sauƙi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda Proton ke gina wa kowane wasa ɗan gidansa na Windows na daban, a cikin jakar da ake kira compatdata, inda kowane wasa ke da lambarsa. A cikin wannan gida akwai abin da wasan ke gani a matsayin ma'adanar C, da rajistar da Windows ke ajiye saituna a ciki, da fayilolin ajiyar ci gabansa. Amfanin wannan shi ne idan wasa ɗaya ya rikice, rikicinsa ba ya shafar sauran, kuma sau da yawa goge jakar ya isa a sake farawa da tsabta, muddin mutum ya kwashe ajiyar ci gabansa tukuna idan wasan ba ya ajiye ta a intanet. Haka kuma ana iya zaɓar wa kowane wasa sigar Proton da ta fi dacewa da shi, domin yakan faru sabuwar siga ta gyara wasanni goma ta ɓata guda ɗaya, sai a mayar da wannan gudan kan tsohuwar siga a ci gaba da harka.

A ɓangaren wasannin da mutum ke bugawa shi kaɗai, ba ni da wani babban ƙorafi. Manyan wasanni irin su The Witcher 3, Cyberpunk 2077 da Elden Ring suna tafiya yadda ya kamata, kuma na ƙarshen ya zama abin misali a 2022, lokacin da Valve ya rage masa tsaitsayawar da yake yi ta hanyar gyara a cikin Proton kanta. Wannan inganci bai faɗo daga sama ba. Valve ya taɓa gwada na'urorin wasa na Steam Machine masu gudana a kan Linux a 2015, kasuwarsu ba ta yi armashi ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin wasannin da aka rubuta musamman domin Linux. Da ya fitar da Steam Deck a Fabrairun 2022, na'urar hannu mai gudana a kan SteamOS wadda aka gina a kan Arch Linux, sai cinikinsa ya rataya a wuyan Proton, saboda haka kuɗi da ma'aikata suka kwarara zuwa gare ta, masu kwamfutar tebur kuma suka ci albarkacin abin da aka dafa domin na'urar hannu.

Akwai ƙananan abubuwan da ke buƙatar haƙuri. A karon farko da aka kunna wasa, Steam yakan ɓata lokaci yana shirya ƙananan umarnin zanen haske da inuwa domin katin hoto, kuma wanda ya yi gaggawar tsallake wannan mataki zai iya ganin hoton yana ɗan cijewa a farkon wasa. Wasu wasannin kuma bidiyon da ke cikinsu ba ya fitowa daidai saboda matsalar lasisin fasahar bidiyo, abin da ya sa mutane ke komawa ga Proton GE, sigar da masu sa kai ke kula da ita. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda ina zargin manhajar, ashe laifin nawa ne, domin na bar wasannin a kan ma'adanar da aka tsara da NTFS ta Windows, kuma da na mayar da su kan ma'adana mai tsarin ext4 komai ya daidaita. Katin hoto ma yana da tasiri: direbobin katunan AMD, wato manhajojin da ke tafiyar da katin, suna zuwa a cikin Linux tun asali, yayin da masu katin NVIDIA sukan girka nasu, kuma an daɗe ana lura da cewa a wasannin Direct3D 12 gudunsu yakan gaza na Windows.

Babbar matsalar tana wajen wasannin gasa da ake bugawa da jama'a ta intanet, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Irin waɗannan wasanni suna zuwa da manhajojin hana maguɗi, waɗanda wasunsu ke kutsawa har cikin zuciyar Windows domin su sa ido a kan duk abin da ke gudana a kwamfutar, alhali tafinta ba ta da zuciyar Windows da za ta nuna musu. A 2021 masu manhajojin hana maguɗi na Easy Anti-Cheat da BattlEye sun sanar da goyon bayan Proton, amma an bar wa mai kowane wasa zaɓin kunna wannan goyon baya ko ƙin kunna shi. Sakamakon haka Fortnite da Destiny 2 ba sa gudana, haka ma Valorant da ke da tasa manhajar hana maguɗi ta daban. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne wasan da ke aiki yau yana iya dainawa gobe ba tare da Proton ta canza komai ba: GTA Online ya rufe ƙofa a Satumban 2024 bayan an saka masa BattlEye, Apex Legends kuma ya janye goyon bayan Linux a ƙarshen Oktoban wannan shekarar, bisa dalilin yaƙi da masu maguɗi. Ban ga laifin Proton a nan ba, kuma na fahimci damuwar masu wasannin, amma wanda ya zuba lokacinsa da kuɗinsa a wasa ba ya samun sassauci daga sanin wanda ke da laifi.

Domin haka, kafin mutum ya goge Windows, abin da ya dace shi ne ya ɗauki jerin wasannin da yake bugawa da gaske, ya duba kowanne a ProtonDB, inda masu amfani ke ba da rahoto ana kuma jera wasanni daga matakin da ke aiki ba tare da taɓa komai ba, zuwa na zinariya, azurfa, tagulla, har zuwa wanda ba ya tashi sam. Ya kamata ya karanta rahotannin baya-bayan nan, musamman na masu irin katin hotonsa, domin maki kaɗai yakan ɓoye cewa wani sabon gyara ya lalata wasan. Alamar da Valve ke saka wa wasanni domin Steam Deck ma tana taimakawa, ko da yake wani lokaci ana rage wa wasa daraja saboda ƙanƙantar rubutu a ƙaramin allo, abin da bai shafi mai kwamfutar tebur ba.

Wasannin da aka saya a shagunan Epic ko GOG suna buƙatar ƙarin manhaja irin su Heroic ko Lutris, waɗanda ke aiki da kyau amma ba su kai Steam santsi ba, yayin da wasannin Game Pass, tsarin biyan kuɗin wata-wata na Microsoft, da ake saukewa ta manhajar Xbox ba su da hanyar girkawa a Linux. Masu kwamfutar Mac kuma su sani cewa Proton ba domin su aka yi ta ba, nasu zaɓin shi ne CrossOver na CodeWeavers. Ga wanda ƙarewar tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025 ta bar shi da kwamfuta mai ƙarfi amma wadda Windows 11 ta ƙi karɓa, kuma wasanninsa na labari ne ko na dabara ko tsofaffi, ina ba shi shawarar ya gwada Proton ba tare da fargaba ba. Wanda kuwa abokansa ke jiransa kowane dare a Valorant ko Fortnite, to ya ware wa Windows wani sashe na ma'adanarsa, ya riƙa zaɓar Windows ko Linux a lokacin kunna kwamfuta.